Ku Tambaya, Mu Amsa: Tsarkin Zuciya da Muryar Lamiri

Wasiƙu 4 muka zaɓa a wannan fitowa, dukansu daga cikin garin Sakkwato, kuma dukansu a kan tsarki da lamiri suke, ko da yake kowa ta ƙofarsa ya shigo. Kamar yadda aka saba, mun ɓoye sunayen masu tambaya, mun kuma taƙaita wasiƙun ba tare da mun taɓa ainihin abin da yake damun masu su ba.

Tambaya: Baba Fasto, ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ina kuma cikin ƙungiyar mawaƙa ta ikilisiyarmu. Da zarar na durƙusa zan yi addu'a, sai munanan tunani su cika mini kai, wani lokaci siffofin banza, wani lokaci kalmomin saɓo waɗanda ko kusa ba zan iya furta su da bakina ba. Ina korarsu, suna ƙara ƙarfi. Na daina cin Jibin Ubangiji, domin ina tsoron na riga na aikata zunubin da ba a gafartawa. Gaskiya kuma nakan daɗe a kan waya da dare. Shin akwai sauran bege gare ni?

Amsa: Ɗana, akwai bege, kuma ka kwantar da hankalinka, ba a kanka farau ba. Wasiƙarka ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba su, wato tunanin da yake faɗo maka ba da gayyatarka ba, da kuma tunanin da kai da kanka kake buɗe wa ƙofa. Ka cika takarda kana kuka a kan na farko, na biyun kuwa jimla ɗaya tak ka ba shi a ƙarshe, alhali a ganina wannan jimlar ce ta fi bukatar aikinka.

Bari mu fara da na farkon. Faɗowar mugun tunani a zuciya gwaji ne, bai riga ya zama zunubi ba. Ibraniyawa 4:15 ta gaya mana cewa an gwada Yesu ta kowace hanya kamar yadda ake gwada mu, amma bai yi zunubi ba. Idan ka buɗe Matiyu sura 4 za ka ga cewa a kan wani dutse mai tsawo Shaiɗan ya kai har ga ce masa ya faɗi ya yi masa sujada. Babu saɓon da ya wuce wannan, kuma maganar ta shiga kunnen Ubangijinmu, ya ji ta, ya fahimce ta sarai, duk da haka ba ta ƙazantar da shi ba, domin bai karɓe ta ba. Yakubu 1:14-15 ya jera yadda abin yake tafiya: sha'awa takan ja mutum ta yaudare shi, sa'an nan ta yi ciki ta haifi zunubi, zunubi kuma in ya ƙasaita ya haifi mutuwa. Tsakanin jan da haihuwar akwai wurin da ake neman yardar mutum, kuma a wannan wurin ne alhaki yake farawa. Ka duba Dawuda a 2 Sama'ila sura 11. Yana yawo a kan soron fada da yamma ya hangi mace tana wanka, hangen kuwa ba shi ya shirya shi ba. Amma sai ya aika a bincika ko wace ce, aka gaya masa matar Uriya ce, ya ji da kunnensa cewa matar wani ce, sa'an nan ya sake aikawa a kawo masa ita. Waɗannan aike-aiken guda biyu su ne suka jawo zina da kisan kai da dukan baƙin cikin da ya biyo baya a gidansa.

Masu bi na farko da suka keɓe kansu a hamadar Masar domin addu'a sun yi nazarin wannan al'amari ƙwarai. Ɗaya daga cikinsu, Ebagiriyus, wanda ya rasu a shekara ta 399, ya kasa munanan tunani gida 8, ya kuma koyar da cewa zuwansu ko rashin zuwansu ba a hannunmu yake ba, amma barinsu su zauna har su tayar da sha'awa, wannan a hannunmu yake. Mu mazauna Sakkwato ba ma bukatar dogon bayani a kan haka. Lokacin hunturu, ko an rufe ƙofa da taga an toshe kafofi da tsumma, da safe sai an tarar da ƙura ta kwanta a kan kwanuka da tabarma. Ba wanda yake zargin uwargida don ƙura ta shigo ɗakinta. Abin da ake dubawa shi ne ko ta share, ko kuwa ta bar ta tana taruwa.

Game da zunubin da ba a gafartawa, ina roƙonka ka karanta Markus 3:22-30 gaba ɗaya, kada ka tsaya a kan aya ta 29 kaɗai. Malaman Attaura da suka zo daga Urushalima sun ga Yesu yana fitar da aljanu, sun ga mutane suna samun lafiya a gaban idonsu, suka ce da ikon sarkin aljanu yake yi. Aya ta 30 ta faɗi dalilin gargaɗin a fili, cewa domin sun ce yana da baƙin aljan ne. Wato mutane ne da suka ga aikin Ruhu Mai Tsarki ido buɗe, suka kira shi aikin Shaiɗan da gangan, kuma ko a jikinsu. Wanda zuciyarsa ta kai wannan taurin ba ya zama ya rubuto wasiƙa yana tambaya ko akwai sauran bege. Baƙin cikin da kake ji a kan waɗannan kalmomi shi ne shaidar cewa ba ka yarda da su ba.

Manyan bayin Allah ma sun sha wannan wahala. Martin Luther, sa'ad da yake ɗan zuhudu a Jamus, yakan shafe sa'o'i yana furta zunubansa ga shugabansa Staupitz, ya fita ya sake dawowa domin ya tuna wani ɗan abu da bai faɗa ba. Ignatius na Loyola ya shiga irin wannan waswasi a garin Manresa na ƙasar Sifen a shekara ta 1522, bai sami sauƙi ba sai da ya ƙudura cewa ba zai ƙara tono zunuban da ya riga ya furta ba. Ɗayansu ya zama jagoran gyaran ikilisiya, ɗayan ya kafa ƙungiyar Jesuit a cikin Katolika, hanyoyinsu sun rabu nesa da juna, amma kowannensu sai da ya koyi cewa lamiri yana iya yin ƙara a inda babu laifi. Abin da 1 Yahaya 3:20 ta faɗa ke nan: in zuciyarmu ta kayar da mu, Allah ya fi zuciyarmu girma, ya kuma san kome.

To, me za ka yi? Ka daina kokawa da tunanin, domin wanda ya ce wa kansa kada ya tuna abu ya riga ya tuna shi, shi ya sa kake gani kana kora suna ƙaruwa. Idan ya faɗo, ka bar shi ya wuce, ka ci gaba da addu'arka daga inda ka tsaya, ba sai ka koma farko ba. Ka riƙa yin addu'a da murya, ko ka riƙe Zabura a hannu kana karantawa, gama baki da ido in suna da aikin yi, hankali ba ya yawan yawo. Ka lura cewa a Filibiyawa 4:8 Bulus bai jera abubuwan da za a guji tunawa ba, sai ya jera abubuwan da za a cika zuciya da su, wato abin da yake gaskiya, da abin girmamawa, da abin da yake daidai, da mai tsabta, da abin ƙauna, da abin yabo. Sa'an nan ka koma teburin Ubangiji. 1 Korantiyawa 11:28 ta ce mutum ya auna kansa, sa'an nan ya ci. Ba ta ce ya auna kansa ya gudu ba. Laifin da Bulus yake tsawatawa a wannan sura ma shi ne na masu hali da suke riga matalauta ci, wani ya bugu wani yana jin yunwa.

Yanzu sai maganar waya. A nan ba zan rarrashe ka ba. Abin da ido ya kwasa da ƙarfe 1 na dare ba ya ɓacewa, yakan jira lokacin da mutum ya yi shiru, kuma ba lokacin da ya fi na addu'a shiru. Idan kana kallon abin da bai kamata ba, wannan ya wuce gwaji, aike ne irin na Dawuda, tuba yake bukata. Ayuba ya ce ya yi alkawari da idanunsa, Yesu kuma a Matiyu 5:28-29 ya yi magana mai zafi a kan kallon da ake yi domin sha'awa. Ka furta wannan ga Allah da sunansa, ka gaskata 1 Yahaya 1:9, sa'an nan ka ɗauki matakin da ake gani: wayar ta kwana nesa da shimfiɗarka, ka goge abin da ya kamata a goge, ka fita daga rukunonin da ake turo irin waɗannan abubuwa, ka kuma sami dattijo guda na ikilisiya mai riƙe asiri wanda zai riƙa tambayarka ba tare da kunya ba.

Abu na ƙarshe, kuma ina so iyaye da fastoci su ji shi. Idan waswasin ya kai ga yana cinye maka sa'o'i, kana maimaita addu'a guda sau da yawa domin kana ganin ba ta fita da tsabta ba, barci da karatu sun gagara, to ka sani likitoci sun san wannan ciwo, yana da magani, yana kuma kama Kirista da Musulmi ba bambanci. Asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware ba shi da nisa da mu, akwai kuma asibitin koyarwa a cikin gari. Zuwa wurin likita ba rashin bangaskiya ba ne, kamar yadda shan maganin zazzaɓi ba rashin bangaskiya ba ne.

Tambaya: Baba, na koma wata sabuwar majami'a inda aka ce mini ba zan zama mai tsarki ba sai na cire 'yan kunne da sarƙa na kuma daina kitso da zare. Mahaifiyata tana cikin Zumuntar Mata shekara da shekaru da 'yan kunnenta. Ita ba mai tsarki ba ce ke nan?

Amsa: 'Yata, ayoyin da aka karanta miki ba ƙirƙira su aka yi ba. 1 Timoti 2:9-10 da 1 Bitrus 3:3-4 sun gargaɗi mata kada adonsu ya zama na kitso da zinariya da tufafi masu tsada, Ishaya sura 3 kuma ta tsawata wa matan Sihiyona masu taƙama da kayan ado. Amma wannan Littafin ne ya ba mu labarin Rifkatu da aka sa wa zobe da mundaye a Farawa 24, a Ezekiyel 16:11-12 kuma Allah da kansa ya kwatanta ƙaunarsa ga Urushalima da sa mata mundaye da sarƙa da 'yan kunne. Abin da manzanni suke yaƙa shi ne fahariya da almubazzaranci da mai da sujada wurin gasar kaya. A Markus 7:21-22 Yesu ya lissafta abubuwan da suke ƙazantar da mutum, ya ce daga zuciya suke fitowa, a cikinsu akwai hassada da yanke da girmankai, kuma na sha ganin waɗannan a kunnen da babu ɗan kunne. Idan lamirinki ya fi natsuwa in kin cire, ki cire domin Ubangiji, ba laifi. Amma ranar da kika fara duban mahaifiyarki kina auna tsarkinta da kunnenta, kin ajiye ƙaramin abu kin ɗauki wanda ya fi shi nauyi.

Tambaya: Fasto, ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da gero da dawa da wake. Ina da mudu biyu, wanda nake saye da shi a ƙauye da wanda nake sayarwa da shi a gari, na biyun an ɗan buga gindinsa ciki. Kusan kowa a layinmu haka yake yi, in ban yi ba ba zan fita ba. Ina fitar da ushirina ba fashi, kuma gaskiya zuciyata ba ta damuna. Matata ce take ta surutu. Tun da lamirina bai kayar da ni ba, ashe akwai zunubi?

Amsa: Ɗan'uwa, akwai, kuma matarka ta fi ka gaskiya. Ɗalibin da ya rubuto a sama lamirinsa yana ƙara a inda babu laifi, kai kuwa naka ya yi shiru a inda laifi yake a fili, wannan kuma ya fi haɗari, domin mai ciwon da yake jin zafi yakan nemi magani. Shirun lamiri ba ya wanke mutum. Bulus da kansa ya ce a 1 Korantiyawa 4:4 bai san wani laifi a kansa ba, amma wannan bai sa ya kuɓuta ba, Ubangiji ne mai yi masa shari'a. A 1 Timoti 4:2 ya yi maganar mutanen da lamirinsu ya ƙone kamar da ƙarfe mai zafi, har ya daina ji. Ina da tabbacin ranar da ka fara auna wa mutum da wannan mudun gabanka ya faɗi. Yau da gobe ce ta sa ka daina ji, hukuncin bai canja ba.

A kan wannan batu Littafi Mai Tsarki bai bar wurin gardama ba, har ma kamar da kai yake magana. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta ce kada ka kasance da ma'auni iri biyu a jakarka, babba da ƙarami, kada ka kasance da mudu iri biyu a gidanka, babba da ƙarami, ta kuma kira mai yin haka abin ƙyama ga Ubangiji. Karin Magana 11:1 da 20:10 sun maimaita. Annabi Amos, a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, ya kwatanta 'yan kasuwar da suke ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu, su ƙara kuɗi, su haɗa da dussa su sayar wa matalauta. Ka lura, waɗannan mutane suna kiyaye Asabar, kamar yadda kai ma kake fitar da ushiri. Yesu kuma ya ce wa Farisiyawa a Matiyu 23:23 suna fitar da ushirin ganyayen miya, sun bar gaskiya da jinƙai da aminci. Ushirin da aka cire daga abin da aka tauye wa gwauruwa mai sayen mudu ɗaya na gero domin tuwon dare ba ya tsarkake sauran kuɗin.

Batun cewa kowa haka yake yi kuwa, ka yi hankali da shi. Maƙwabtanka Musulmi a wannan layi sun san haramun ne, gama akwai sura guda a Alƙur'ani da ta buɗe da gargaɗin masu tauye mudu, waɗanda in za su karɓa sai a cika musu, in za su bayar sai su rage. Kowa a kasuwar ya san abin ba daidai ba ne, shi ya sa ba wanda yake ɗaga mudunsa ya nuna wa mai saye gindinsa. A gari irin namu, inda masu bi ba su da yawa kuma ido yana kanmu, mutane da dama ba za su taɓa shiga majami'a su ji wa'azi ba, abin da za su sani game da Almasihu shi ne abin da suka gani a rumfarka.

Na san tsoronka na gaske ne. Kuɗin mota daga ƙauye ya hau, ga dako, ga la'adar dillali, ga kuɗin rumfa, ga asarar da ƙwari suke jawowa a buhun wake. Hanyar gaskiya ita ce ka lissafta duk wannan ka sa shi a farashi, ka faɗa wa mai saye kuɗin mudu cikakke, in ya ga dama ya saya. Ba zan yi maka alkawarin cewa ciniki zai ƙaru nan da nan ba; mai yiwuwa wasu su wuce ka su tafi inda suke ganin araha. Amma matan da suke auna abin da suka sayo in sun koma gida ba wawaye ba ne, sukan gane rumfar da mudunta yake cika tukunya.

Saura maganar abin da ya wuce, domin tuba a kan dukiya ba ta cika da baki kaɗai. Littafin Firistoci 6:1-7 ya umarci wanda ya zambaci maƙwabcinsa ya mayar da abin, ya ƙara kashi 1 cikin 5 a kai, sa'an nan ya kawo hadayarsa. Mayarwa ce take gaba. Littafin Ƙidaya 5:5-8 ya ƙara da cewa in ba a sami mai abin ko danginsa ba, a mayar wa Ubangiji. Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19:8, bai jira an tambaye shi ba, ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki 4. Ba za ka iya nemo duk wanda ka taɓa auna wa ba, amma ka san masu saye na kullum, ka san fuskokinsu. Ka riƙa yi musu gyara mai kauri har ka ga ka biya, sauran kuma ka ƙiyasta shi da gaskiya ka ba mabukata. Mudun nan kuma kada ka ajiye shi a ƙarƙashin buhu don wata rana, ka fasa shi, ka kai wa matarka ta gani.

Tambaya: Baba Fasto, ni uwa ce a Mabera. Kowace Babbar Sallah maƙwabciyata Hajiya takan aiko mana da naman layya, mu ma mukan aika musu abinci da Kirsimeti. Bana 'yata ta dawo daga taron matasa ta ce cin naman nan yana ƙazantar da mai bi, har ta so ta mayar da kwanon. Ni ban taɓa jin wani abu a raina ba. Wane ne yake da gaskiya a cikinmu?

Amsa: Mama, wannan tambaya takan taso kowace shekara, kuma masu bi na kirki sun rabu a kanta, saboda haka zan faɗi ra'ayina da dalilina, in kuma nuna inda 'yarki take da hujja.

Ayoyin da aka fi jawowa suna cikin 1 Korantiyawa sura 8 da sura 10. A Koranti, yawancin naman da yake shiga kasuwa daga haikalin gumaka yake fitowa, shi ya sa masu bi suka tambayi Bulus. Ya amsa musu cewa su ci duk abin da ake sayarwa a mahauta ba tare da bincike ba, in kuma wanda ba mai bi ba ya gayyace su cin abinci, su ci abin da aka sa a gabansu. Amma a 10:28 ya ce in wani ya ce musu wannan naman hadaya ne, kada su ci, saboda lamirin wanda ya faɗa. Ina jin a kan wannan ayar 'yarki ta tsaya, kuma ya kamata a yaba mata da ta ɗauki Maganar Allah da muhimmanci.

Duk da haka, ni ina ci, da godiya. Abin da Bulus yake magana a kai hadaya ce ga gumaka, maƙwabtanmu Musulmi kuwa ba abin da suka ƙi kamar gunki. Layya tunawa ce da biyayyar Ibrahim, labarin da mu ma muke da shi a Farawa 22, ko da yake mun bambanta da su a kan wane ɗa ne, mun kuma bambanta a kan ma'anar hadayar, tun da mu mun gaskata cewa Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak, ba sauran wata hadaya, kamar yadda Ibraniyawa sura 10 ta koyar. Karɓar kyautar maƙwabci ba shiga ibadarsa ba ce, Hajiya ma ba ta ɗauka cewa kin canja addini don kin karɓi cinyar rago ba. Zumunci ta aiko miki. Ban da haka, naman da muke saye a kasuwa duk shekara, da tsiren da matasanmu suke ci da yamma, da kilishin da muke kai wa 'yan'uwa tsaraba, mahauta Musulmi ne suke yankawa da sunan Allah, ban kuwa taɓa jin an kira taro a kansa ba. Yesu ya ce abin da yake shiga ciki ba ya ƙazantar da mutum, 1 Timoti 4:4-5 kuma ta ce duk abin da Allah ya halitta mai kyau ne, in an karɓa da godiya, gama Maganar Allah da addu'a suna tsarkake shi.

Amma kada ki tilasta mata. Romawa 14:14 ta ce babu abin da yake haram a kan kansa, sai dai ga wanda ya ɗauka haram ne, a gare shi ya zama haram, aya ta 23 kuma ta ce wanda ya ci yana shakka ya yi laifi. Idan kika matsa mata ta ci alhali zuciyarta tana hana ta, kin koya mata take lamirinta, wanda kuwa ya saba take lamirinsa a kan nama zai take shi a kan abin da ya fi nama. Lamirin da yake da rauni koyarwa ce take ƙarfafa shi, sannu a hankali, ba gori ko dariya ba. Ki zauna da ita ku karanta surorin nan gaba ɗaya, ki bar ta ta yi tambayoyinta, ki kuma dafa mata nata dabam a ranar ba tare da tsegumi ba. Ita ma akwai nata kashedin a Romawa 14:3: wanda ba ya ci kada ya hukunta mai ci. Tana da iko a kan abin da zai shiga bakinta, amma ba ta da iko ta mayar da kwanon da aka aiko wa mahaifiyarta, ko ta zubar da shi inda yaran maƙwabta za su gani su kai labari. Wannan cin fuska ne ga matar da ta nufe ku da alheri, Romawa 12:18 kuwa ta ce mu yi iyakar ƙoƙarinmu mu zauna lafiya da kowa.

Idan Kirsimeti ta zo, ki ci gaba da abin da iyayenmu suka saba yi a wannan ƙasa: ki kira maƙwabci Musulmi ya yanka muku kajin ko ragon, domin mutanen gidan Hajiya su ci shinkafarki ba tare da shakka ba, gama su ma suna da lamirin da ya kamata a kiyaye. Ki gaya wa 'yarki dalilin da ya sa ake yin haka, in ta yarda kuma, ita za ki aika ta kai musu kwanon.